KAKA TA YI A MADARUNFA: LOKACIN GYARAN GARKA YA ZO

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Madarunfa a cikin watan Oktoba zai ga alamun kaka ko'ina ya duba. An yanke hatsi, dammuna suna jere a bakin gona, amalanken shanu suna kai da kawowa tsakanin gona da rumbu. Hadari ya daina haɗuwa a gabas, raɓa tana sauka da asuba, ruwan tabki kuma ya fara ja da baya yana barin laka mai baƙi a gefensa. A ƙasashen da hatsi kaɗai ne abin dogaronsu, wannan shi ne lokacin rataye hauya, samari su ɗaure kaya su tafi cin rani. A gundumar Madarunfa kuwa, kaka ƙofa ce ta shiga wani aikin: noman rani.

Allah ya yi wa wannan gunduma baiwar da ba kowace ke da ita ba a ƙasarmu. Tana da gulbi, tana da tabki, tana da fadama, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma ba shi da nisa a cikin kwarin. Amma baiwa ba ta cika rumbu sai an haɗa ta da shiri. Sanyin da kayan garka ke so ɗan gajere ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wanda ya yi sakaci da makonni shida na farkon kaka, zafin bazara zai tarar da shukarsa ba ta ƙosa ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka muka ga ya kamata mu tuna wa ƴan'uwa masu garka, da ma'aikatan da ke taimaka musu, ayyukan da ke jiransu, da dalilin kowane ɗaya.

RUWAN DA MUKE DOGARO DA SHI

Gulbin Maraɗi daga Najeriya ya taso. Yana shigowa ƙasarmu ta kudancin Madarunfa, ya wuce ta Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Ba ya gudu duk shekara. Da damana yake kawo ruwa, ya malala cikin fadama, ya bar taki, ya kuma shayar da rijiyoyin kwarin ta ƙarƙashin ƙasa. Shi da gulbin Gabi ne ke cika tabkin Madarunfa, wanda masunta da makiyaya da masu garka duk suke ci daga gare shi, wanda kuma jama'a ke ziyarta saboda kushewun waliyyai 99 da aka ce suna kewaye da shi. A shekarar 2019 aka sanya tabkin cikin jerin wurare masu dausayi da yarjejeniyar Ramsar ta duniya ke kiyayewa.

A shekarar 1989 Najeriya ta gama gina madatsar ruwa ta Jibiya a kan wannan gulbi, cikin jihar Katsina, madatsar da ke iya riƙe ruwa mita kubik miliyan 142. Tun daga nan tafiyar gulbin ta sauya, ambaliyar da ke shayar da fadama ta daina zuwa yadda dattawa suka san ta. Ƙasashen biyu sun sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri ranar 18 ga Yuli 1990 domin raba ruwan da suka yi tarayya a kansa bisa adalci, kuma gulbin Maraɗi yana cikin ruwayen da ta ambata. Wannan aikin manya ne. Abin da ya shafi mai garka a ciki shi ne ya san cewa ruwan kwarin nan yana da iyaka, kuma ba shi kaɗai ke da shi ba.

DARASIN SHEKARAR 1984

Garka ba baƙuwa ba ce a kwarin gulbi. Kakanninmu sun noma taba da rogo da dankali da albasa da jigo da guga tun kafin zuwan injin. Amma fari na shekarar 1984 ne ya maida noman rani aikin ƙasa baki ɗaya. Damana ta ƙi, rumbuna suka kasance wayam, kan iyakar Najeriya kuma tana rufe tun watan Afrilu na shekarar, ba a buɗe ta ba sai a 1986. Wannan ne ya sa mutanenmu suka raɗa wa yunwar suna El Buhari. Gwamnatin Janar Seyni Kountché ta yi kira ga jama'a su tsaya a garuruwansu su kama noman rani. Aka gina rijiyoyi, aka raba iri, samariya da ƙungiyoyin manoma suka fita aikin gayya. A watan Mayu na wannan shekara kuma, a birnin Maraɗi aka yi babban taron ƙasa na yaƙi da gurgusowar hamada.

Kafin haka kaɗan, a 1982, an buɗe filin noman ban ruwa na Jiratawa, mai faɗin eka ta zamani, wato hekta, sama da 500, a ƙarƙashin kulawar ma'aikatar ONAHA, inda injuna ke jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa. Zogalar da ta yi wa Maraɗi suna har kasuwannin Yamai, yawancinta daga wannan kwari take fitowa.

Waɗanda suka ga 1984 da idonsu sun tsufa. Amma dalilin da ya sa suka riƙe garka bai tsufa ba. Ruwan damana a Madarunfa milimita 500 ne zuwa 600 a shekarar da ta yi daidai, kuma ba kowace shekara ke yin daidai ba: wata ta zo da fari, wata ta zo da ambaliya kamar damanar 2024 da ta yi ɓarna mai yawa a jihar Maraɗi. Gonaki sun ƙanƙance saboda rabon gado, bakuna sun ƙaru. A gidaje da yawa hatsin gona ba ya kaiwa wata damanar. Garka ce ke cike giɓin.

FUREN DA KE AUNA TSAWON DARE

Kafin mu shiga aiki, bari mu ɗauko darasi daga nesa. A ƙasashen sanyi akwai wani fure da Faransawa ke kira kirizantem. Mutanen Sin sun fi shekara 2000 suna renonsa. A Japan shi ne hatimin gidan sarauta. A Faransa kuma, tukwanensa ake kaiwa maƙabarta ranar 1 ga Nuwamba. Abin mamaki game da shi shi ne, sauran furanni suna buɗewa lokacin ɗumi, shi kuwa sai kaka ta yi, ganyen itatuwa ya fara zuba. Masu renonsa sukan tsinke kan reshe tun yana ƙarami domin ya yi rassa da yawa, su zuba ruwa a gindinsa ba a kan ganye ba, su cire furen da ya bushe, in ya gama kuma su datse karan su rufe saiwar da ciyawa kafin sanyi mai ƙanƙara ya sauka.

A shekarar 1920 wasu masana biyu na Amurka, Garner da Allard, suka bayyana sirrin irin wannan hali. Sun gano cewa tsire-tsire da yawa tsawon yini ne ke gaya musu lokacin yin fure. Daga baya aka tabbatar cewa tsawon dare ne ainihin abin da suke aunawa. Kirizantem ba ya fure sai dare ya yi tsawo, har ma in aka kunna fitila a kansa tsakar dare, sai ya fasa.

Mai karatu zai ce, ina ruwanmu da furen da ba ya jure zafin bazararmu? To, manomin Madarunfa ya san wannan hali tun kafin masana su ba shi suna. Maiwa, ko ka shuka ta da wuri ko ka makara, ba ta fidda kai sai ƙarshen damana. Haka yakuwa, haka waken gargajiya mai yaɗo. Dukansu dare suke jira ya ƙara tsawo. A nan wajenmu yini mafi tsawo, a watan Yuni, bai cika awa 13 ba. Mafi gajarta, a watan Disamba, awa 11 ne da kamar minti 20.

Ga inda sanin wannan ke tsare dukiya. Albasa ma tsawon yini take bi kafin ta yi kai. Ire-iren albasar arewacin Turai suna bukatar yini mai awa 14 zuwa 16, abin da ba a taɓa samu a ƙasarmu. Wanda ya sayi irinsu domin hoton jikin gwangwani ya ba shi sha'awa, zai yi wata huɗu yana ban ruwa, ya tashi da lawashi ba kai. Albasar Galmi kuwa ta gajeren yini ce, ta san ranarmu, ta san sanyinmu. Saboda haka aikin farko na kaka shi ne neman iri na gari daga hannun da aka sani: ƙungiyar manoma, ko mai sayar da iri da hukuma ta yarda da shi, ko shawarar malaman gona da masana na cibiyar INRAN da ke Tarna.

SHINGE KAFIN SHUKA

Garka marar shinge kiwo ce ta akuyar maƙwabci. Da kaka dabbobin gari suke fita, garkunan makiyaya kuma suke gangarowa daga arewa neman kara da harawa da ruwa. Hukuma ce ke tsaida ranar sakin gonaki, bayan shawara da sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya. Kafin ranar ta zo, ya kamata dangar kowace garka ta tsaya da ƙafarta.

Dangar kara da ƙaya tana yin shekara ɗaya, gara ta cinye ta, a koma saran itace. Wanda ke son hutu sai ya dasa shinge mai rai a bayanta: lalle, ko aguwa, ko magarya, ko bagaruwa. Bayan shekara biyu ko uku shingen ya haɗe, ya tare dabba, ya kuma karya iskar hunturu mai busar da ganye. Lalle ma har kuɗi yake kawo wa uwargida.

Amma kada shinge ya hau kan burtali, kada kuma ya toshe mashaya. Makiyayi yana da haƙƙin kai dabbarsa bakin ruwa, kamar yadda mai garka ke da haƙƙin cin gumin goshinsa. Jihar Maraɗi ba ta manta da abin da ya faru a Toda, cikin gundumar Gidan Runji, a watan Oktoba na 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100, yawancinsu mata da yara. Dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira COFO. Duk mai shakka a kan iyakar garkarsa, ya je wurinsu kafin ya kafa dirka. Wanda kuma aro ko haya ya karɓi filin, a rubuta takarda gaban shaidu.

GYARAN ƘASA DA TAKI

Bayan shinge sai share fili. A tuge tsofaffin gindin tumatir da tattasai da kuɓewa na bara, a dubi saiwarsu. In an ga ƙulle-ƙulle kamar an ɗaura ƙananan tsakuwoyi, to, akwai wasu tsutsotsi a ƙasar da ido ba ya gani, masu shan jinin saiwa. Irin wannan gindi ƙona shi ake yi, ba a jefa shi ramin taki. Wurin kuma kada a maida masa tumatir ko danginsa, wato tattasai da tonka da yalo da kwambitar. A sa albasa ko masara, sai bayan shekara biyu ko uku a komo. Akwai wani fure mai ruwan ɗorawa, mai ƙarfin wari, ɗan asalin ƙasar Meziko, wanda Faransawa ke kira œillet d'Inde, ana ganinsa a ƙofar ofisoshi da makarantu. Saiwarsa tana rage waɗannan tsutsotsi in an cika wurin da shi wata biyu ko uku. Ashe fure ma yana da aiki a garka ban da ado.

Sannan a kafce ƙasa tun tana da sauran laimar damana, zurfin santimita 20 zuwa 30. Ƙasar fadama in ta bushe takan zama kamar dutse. A farfasa hoge, a baje da manjagara, a ja fangali. Muna ba da shawarar fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 10, domin hannu yana kai tsakiyarsa ba tare da an taka ba, lissafinsa kuma ba wuya: mita murabba'i 10 ke nan.

Kowane mita murabba'i yana son ruɓaɓɓen taki kilo 2 zuwa 3. Mun ce ruɓaɓɓe, domin ɗanyen kashin dabba yana ƙona saiwa, yana kawo gara da ƴaƴan ciyawa. Wanda bai tanadi taki ba, har yanzu yana iya gina rami a inuwa, ya jera shimfiɗar kara da ganye, da shimfiɗar kashin dabba, da ɗan toka, yana yayyafa ruwa, yana juyawa kowane kwana 15. Cikin wata biyu zai samu taki baƙi marar wari, wanda zai amfani shukar tsakiyar rani. Takin zamani taimako ne, ba madadi ba. Ƙasar da aka ciyar da shi kaɗai shekara da shekaru takan gaji, ta daina riƙe ruwa.

GADON RENO, UWAR GARKA

Albasa da tumatir da shu da salati da tattasai duk sai an rene su kafin dashe. Karoti kuwa ba ya son dashe, a wurinsa ake shuka shi. Gadon reno shi ne wurin da aka fi yin asara ba a sani ba, domin iri yana da tsada, tsiro kuma jariri ne.

A zaɓi wuri kusa da rijiya, wanda ruwa ba ya kwanciya. A tara kara a kan gadon a cinna wuta, domin zafin ya kashe cuta da ƴaƴan ciyawa da ke saman ƙasa. In ya huce a gauraya da taki mai laushi. A ja layi-layi da yatsa, tsakaninsu santimita 10 zuwa 15, zurfin bai wuce santimita 1 ba. Watsa iri barkatai yana sa tsiro ya cunkushe, ya yi tsawo ba ƙarfi, gindinsa ya ruɓe ya faɗi. A rufe da busasshiyar ciyawa, a yi ban ruwa safe da marece da buta mai ƙananan huda. Ranar da tsiro ya leƙo a ɗauke ciyawar, a yi masa ƴar rumfa saboda ranar Oktoba, a riƙa rage inuwar kaɗan-kaɗan.

Gadon tumatir da na tattasai suna son a lulluɓe su da tsohon sange. Akwai wani ɗan farin ƙuda da ke ɗauko cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir, kuma tsiron da ya kamu tun yana gado ba ya yin ƴaƴan kirki. Tsohon sange muka ce, ba wanda likita ya bayar domin yara su kwana a ciki ba.

Tumatir yana isa dashe cikin kwana 21 zuwa 30, shu kamar wata ɗaya, salati mako uku, albasa kuwa kwana 40 zuwa 50, lokacin da ta kai kaurin fensir. Da marece ake dashe, bayan an jiƙa gadon da fangalin. Yanzu sai a yi lissafi. Albasar da aka shuka a tsakiyar Oktoba za a dasa ta a farkon Disamba, ta yi kai cikin sanyi, a cire ta wajen Maris. Tumatir kuwa furensa yakan zube in zafi ya haura digiri 35. Wanda ya dasa shi a Nuwamba zai tsinka a Janairu da Fabrairu. Wanda ya bari sai Fabrairu, ganye zai yi wa ban ruwa. Alkama da kwambitar su ma a Nuwamba suke son shiga ƙasa.

LISSAFIN RUWA

Kuskuren da ya fi yawa shi ne buɗe garkar da ta fi ƙarfin rijiya. A watan Nuwamba kowace rijiya jaruma ce. A watan Maris ake sanin ta gaskiya. Ga lissafin da duk wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci zai iya yi a littafinsa. Lokacin sanyi, mita murabba'i ɗaya yana shan ruwa kamar lita 6 a yini. Fangali ɗaya lita 60 ke nan, wato buta 6 mai lita 10. Mai fangali 20 yana bukatar lita 1200 kullum, wato tano 6 mai lita 200. In zafi ya shigo, bukatar takan haura lita 8 zuwa 10 a kowane mita, daidai lokacin da ruwan rijiya ke sauka. Haka kuma fangali 20 za su ci taki kilo 400 zuwa 600. In albasa ce, aka bar santimita 15 ta kowane gefe, fangali ɗaya zai ɗauki gindi kamar 440.

Saboda haka yanzu ne lokacin yashe rijiya, da gyara bakinta, da duba injin da tiyo, da toshe ɓarakar magudana. A rufe bakin rijiya saboda yara. A shimfiɗa ciyawa ko ɓawon gujiya tsakanin shuka domin rana ta rage shan laima. Masu injin mai aiki da hasken rana su tuna cewa rana kyauta ce amma ruwan ba kyauta ba ne: abin da ka malalar a banza, daga rijiyar maƙwabcinka ka rage shi.

ƘWARI DA MAGANINSU

Kowace shuka da maƙiyinta. Zogala tana da tsutsa mai cinye ganye ta bar jijiya. Shu yana da tasa. Albasa tana da wasu ƙananan ƙwari masu ɓuya a maƙogwaron ganye su mayar da shi fari-fari. Tumatir kuma ya samu sabon maƙiyi, tsutsar da masana ke kira Tuta absoluta, ƴar asalin Kudancin Amurka, wadda ta shiga Sifen a 2006 ta bazu har Afirka. A 2016 ta yi wa manoman arewacin Najeriya ɓarnar da ta sa jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta yi rami, inda magani ba ya saurin kai mata. Tsabtar garka, da ƙona ragowar shuka, da sauya wuri, su ne katangar farko.

Katanga ta biyu tana tsaye a ƙofar gidanmu, wato bedi, ko dogon yaro. A daka busassun ƴaƴansa rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece, sama da ƙarƙashin ganye, a maimaita kowane mako. Ba ya kashewa nan take, amma yana hana tsutsa ci da girma.

A nan ma furen kirizantem ya sake shigowa labarinmu. Wani ɗan'uwansa mai farin fure, da ake kira piretir, ana nomansa a tsaunukan Kenya da Tanzaniya da Ruwanda, ana fidda maganin ƙwari daga busasshen furensa. Shi masana suka kwaikwaya suka haɗa yawancin magungunan da ake sa wa sange da waɗanda ake fesawa a garka. Amma kasancewar asalin abu fure ne bai hana shi zama guba ba. Wannan dangin magani yana kashe kifi da ƙudan zuma ko da kaɗan ne. Mai garka a bakin tabki kada ya wanke injin feshi a ruwan da masunta ke jefa taru.

Kasuwanninmu na kan iyaka cike suke da kwalaben da ba a san asalinsu ba. Maganin da aka yarda da shi shi ne wanda ke ɗauke da lambar kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, na ƙungiyar CILSS. Fesa piya-piya a kan ganyen da za a ci ganganci ne da rayukan mutane. A karanta takardar kwalba, a kiyaye adadin kwanakin da aka ce a jira tsakanin feshi da tsinka, a rufe hanci da jiki, a hana yara riƙe kwalbar, a fasa ta a binne in ta ƙare. Zogalar da ka kai kasuwa, ɗan wani ne zai ci ta, kamar yadda naka ke cin ta wani.

A TUNA DA KASUWA TUN KAFIN SHUKA

Kowace shekara abu ɗaya ke faruwa. Kowa ya shuka tumatir mako ɗaya, kowa ya tsinka mako ɗaya, kwanduna su cika kasuwar Maraɗi, mai saye ya yanka farashin da ya ga dama. Maganin wannan yana cikin gadon reno: a raba shuka kashi uku, tsakanin kowane kashi kwana 15, a kuma haɗa kaya iri-iri. Abin da ya yi yawa a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta, ya zama kauɗa. Albasar ajiya a rage mata takin zamani, a yanke mata ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin cirewa, a bar ta ta sha iska a inuwa, sannan a jera ta a rudu.

Kan iyaka ma darasi ne. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta daga 2023 zuwa Maris 2024. Wanda bai san wata hanya ba sai ta Ɗan Isa zuwa Jibiya ya ji jiki. Ƙungiyar manoma mai rumbu da littafin lissafi ta fi mutum ɗaya ƙarfin jira da ƙarfin neman wata kasuwar. Kuma kafin kasuwa akwai tukunya. Fangali biyu na zogala da karoti da shu, waɗanda ba na sayarwa ba, sun fi wa yaran gida kuɗin da za a kashe a asibiti.

KIRA GA MA'AIKATA DA SHUGABANNI

Manomi yana da nasa, ma'aikaci ma yana da nasa. Irin da ya iso a watan Janairu ba taimako ba ne, kaya ne. Takardar neman iri da taki da gyaran injin, in ta kwana a kan tebur mako uku cikin Oktoba, ta cinye rabin sanyin shekara. Muna kira ga malaman gona na Madarunfa da Jiratawa da Safo da Gabi da Ɗan Isa da Sarkin Yamma su fita kwarin tun yanzu, su duba gadajen reno da idonsu. Muna kira ga sarakuna da kwamitocin filaye su zagaya burtali da mashaya kafin ranar sakin gonaki, ba bayan an yi ɓarna ba. A duba kuma bukatar ƙungiyoyin mata, waɗanda su ne ke tsinka da dafawa da sayar da ganye, amma sau da yawa filin da suke aiki a kai na aro ne. Jami'an tsaro su ma suna da rabonsu, domin a garuruwan bakin iyaka da ɓarayin daji suka addaba, ba mai iya ban ruwan asuba in hankalinsa ba a kwance yake ba.

Ku kuma da kuka koyi karatu da rubutu, ga ranar amfaninsa. Ku sayi ɗan littafi, ku rubuta ranar shuka, da sunan iri, da abin da kuka kashe, da abin da kuka samu. Ku karanta wa maƙwabci takardar kwalba. Baɗi war haka littafin zai gaya muku abin da ya kamata ku sake da abin da ya kamata ku bari.

Raɓa ta sauka, laka tana nan da laimarta, dare ya fara tsawo. Allah ya ba mu rani mai albarka, ya kai mu damana lafiya. Amin.